Dubu Huɗu da Ɗari Huɗu da Arba'in da Huɗu

Ban wuce aji uku a firamare ba, kuma ko a can ɗin ba lissafi ne ya riƙe ni ba. Amma akwai lamba guda da na sani ciki da bai. Na san wanda take yarda da shi, na san wanda take ƙi, kamar yadda mace ke sanin halin mutanen gidan mijinta. Dubu huɗu da ɗari huɗu da arba'in da huɗu. A kan tabarma na san ta, cikin bazarar da ɗiyata ta yi sanƙarau.

Lokacin muna Kaura Namoda, ba a daɗe da fara shari'a a jihar ba. Ni 'yar Zurmi ce, aure ne ya kawo ni, mijina tela ne a kasuwa. Ɗiyar nan ita kaɗai gare ni, ba ta cika shekara uku ba, ga surutu kamar an kunna rediyo. Ni kuwa tun da na haife ta ban san barci mai nauyi ba. In ta yi tari sai na tashi zaune, in ta yi shiru sai na sa yatsa a hancinta. Mutanen gida har dariya suke yi mini.

Da ciwon ya zo ba wanda ya yi dariya. Muka kai ta asibiti aka kwantar da mu, aka yi ta yi mata allura har cinyoyinta suka yi tauri. Marasa lafiya sun yi yawa a shekarar, har a baranda ana shimfiɗa. Daga baya aka ce mu koma gida, wani ma'aikacin lafiya na unguwarmu zai riƙa zuwa safe da yamma yana ƙarasa allurar. Na dawo da ita wuyanta a sanƙare ya karkata baya, idonta buɗe amma ba ni take kallo ba. Ruwa ma da cokali nake ɗura mata, rabi ya shiga rabi ya bi gefen baki.

Sai ga Gwaggo, yayar babana, ta iso daga Zurmi a motar 'yan kasuwa. Ba ta zo da komai ba sai wata tsohuwar jakar saƙi da ta rungume a ƙirji. Ta dubi yarinyar, ta taɓa goshinta. Ta zauna ta kwance bakin jakar. 'Ya'yan tsamiya ne a ciki, sun yi baƙi suna sheƙi don yawan shan hannu. A wurin uwarta ta gaje su.

Ta ce akwai salatin da ake yi idan abu ya gagara, wanda kusan kowace macen da ta tashi a gidan tsofaffi ta haddace shi. Ana karanta shi ƙafa dubu huɗu da ɗari huɗu da arba'in da huɗu, a zama ɗaya, daga sallame la'asar zuwa kafin kiran magariba, ba magana ba tashi. Mata masu tsarki, kowacce rabonta daidai da na 'yar'uwarta.

"Ƙidayar ga kamar haƙoran makulli take," in ji Gwaggo. "In kin ƙara ɗaya ba ta buɗewa, in kin rage ɗaya ba ta buɗewa. Cikin jakar ga akwai dubu da ɗari da sha ɗaya. Mata sha ɗaya, kowa ta ɗauki ɗari da ɗaya, ta zagaye su sau huɗu. Shi ke nan."

Da na gaya wa mijina sai ya sunkuyar da kai. A kwanakin nan wa'azi ya yi yawa, kowane lungu da lasifika, kuma a masallacin da yake salla ana cewa irin wannan ƙidaya bidi'a ce. Ya daɗe yana murza hularsa, sannan ya ce, "Ni gobe kasuwa zan wuni. Ban ji ba, ban gani ba." Na ce na gode. Ban nemi fiye da haka ba.

Neman matan ne ya zama aiki. Wannan mijinta ya hana, waccan tana fashin salla, wata ta ce salatin ya zube mata tun tana budurwa. Wata kuma tsoron ciwon take ji, ba ta dai faɗa ba, amma na ga yadda ta ja ɗanta baya da na shiga gidan. Zuwa hantsin ranar mun samu goma: ni, da Gwaggo, da yayar mijina wadda nake kira Yaya, da maƙwabta bakwai, yawancinsu tsofaffi. Yaya ita ce babba a gidansu mijina, ita ta yi tsaye a kan aurenmu, kuma ban taɓa haɗa ido da ita ba tun da aka kawo ni.

Na ce wa Gwaggo, ai goma ma mutane ne, a raba mana. Ta tura mini jakar ta ce, "Raba in gani."

Na zazzage su a tabarma na shiga kasawa gida goma, ɗaya nan ɗaya can, kamar mai rabon goron suna. Da na gama, kowane kashi ya tashi daidai, sai ƙwaya guda ta rage a tafin hannuna. Gwaggo ta ce, "To, ga ta nan. Zagaye huɗu, salati huɗu ke nan ba mai su."

Yaya tana zaune a kan turmi tana kallonmu. Ta ce, "Yo mi ne ne a ciki? Uwar ɗiya ta ƙara huɗun bisa nata mana."

Gwaggo ta ce, "Ni ba haka na gada ba. Baki ba ya fin baki. Amma ɗiyarku ce, ku yi yadda kunka ga dama."

Wataƙila da an yi yadda Yaya ta ce da ba abin da zai faru. Na ji malamai daga baya, wasu sun ce ba laifi, wasu sun ce ƙidayar ma gaba ɗaya ba ta da tushe. Ban yi musu da kowa ba, ba ni da karatun yin musu. Amma a ranar, ɗiyata na kwance a ɗaki numfashinta na fita da ƙyar, ba wanda ya isa ya sa ni in gwada wata sabuwar hanya a kanta. In za a yi, a yi shi yadda aka san shi.

Sai na ce to, in goma ba ta yi ba, a rage. Na haɗe 'ya'yan tsamiyar na sake kasawa gida tara, huɗu suka rage. Na kasa bakwai, biyar suka rage. Shida, ɗaya. Biyar, ɗaya. Har uku na gwada, don hannuna ya ƙi tsayawa, nan ma guda ta tsaya tana kallona. Zufa na ɗiga daga haɓata a kan tabarma, Yaya na cewa na fara taɓuwa.

Gwaggo ta riƙe mini hannu. Ta ce in daina wahalar da kaina, mutane sun gwada tun kafin a haife ni. Lambar nan tana yarda da mutum biyu, tana yarda da huɗu, amma mace huɗu kowacce sai ta karanta dubu da ɗari da sha ɗaya, kuma ba bakin da zai kai kafin magariba. Daga huɗu ba ta sake yarda da kowa sai sha ɗaya. Daga nan sai ashirin da biyu, sai arba'in da huɗu. Ta ce a zamaninsu a Zurmi, in aka yi shela, mata arba'in da huɗu ke cika gida, kowa ta zagaye ɗari da ɗaya sau guda a tashi, tuwo bai ma huce ba. Ita kuwa ɗari da ɗayan, ko ta ina ka sa mata wuƙa ba ta yankuwa daidai. Wannan na gwada shi da kaina daga baya, da gyaɗa, a ranakun da hankalina ya kwanta. Gaskiya ta faɗa.

Saura mace ɗaya ke nan. Na zauna ina bin gidajen unguwa a zuciyata ɗaya bayan ɗaya, sai na tuna da mai ƙosai.

A bakin tasha take suya. Kowa ya san inda ta fito. Kafin shari'a tana cikin matan nan masu zaman kansu a wani gida bayan tasha. Da aka rufe gidajen, 'yan'uwan zamanta suka watse, wasu suka bar jihar, wasu suka tsallaka iyaka. Ita ta ƙi tafiya. Ta tuba, ta sa hijabi, ta kama ɗaki ta kafa kasko. Ana sayen ƙosanta, don ba wanda ya kai ta iya suya, amma ba a gayyatarta suna ko biki, kuma in ta shiga gidan makoki sai a matsa. Ni abin da na sani shi ne, wata safiya da na tsaya sayen ƙosai kan hanyarmu ta kai ɗiyata awo asibiti, na ji tana juya mai bakinta na motsi. Na kasa kunne. Salatin nan ne, tiryan-tiryan, ba ta cin harafi ko ɗaya.

Na zura hijabi na fita ban gaya wa kowa ba. 'Yan acaɓa sun daina ɗaukar mata a lokacin, don haka a ƙasa na tafi, rana tsaka, ƙasa na ƙona ni ta cikin silifa. Na same ta a ƙofar ɗakinta tana surfa wake.

Na durƙusa na gaishe ta na ce, "Inna, alfarma na zo nema." Na faɗa mata komai.

Ta ajiye taɓarya ta dube ni sama da ƙasa. "Ke 'yar nan, kin san ko wa kike kira?"

"Na sani."

"Masu gidan sun san kin zo?"

"Ni ce mai ɗiyar."

Ta yi wata 'yar dariya. "Kai, ji baki! Ke da ko canji ba ki iya tambaya sai kin yi ta kallon ƙasa. To in na shiga anka watse fa? Ni na saba, fatata ta yi kauri. Ke ce za ki zauna da su har tsufa."

Na ce, "Inna, wuyanta ya sanƙare. Ba ta gane ni."

 Ta rufe waken da faifai, ta shiga ta yi wanka ta ɗauro alwala, ta fito da hijabi fari ƙal mai ƙanshin turaren wuta. A hanya ne abin ya faɗo mini: in mace ɗaya ta tashi saboda ita, mun koma goma. Ban ƙaru da komai ba. Duk da haka ban juya ba.

Mun tarar an yi la'asar, matan sun zauna a inuwar ɗaki, Gwaggo ta jera ƙananan ƙore goma sha ɗaya. Muka yi sallama. Amsar ta fito rabi ta maƙale. Mu ma muka yi tamu sallar a gefe, ina jin idanu a bayana kamar ƙaya. Da muka sallame Yaya ta miƙe tsaye tana gyara mayafi.

"Wagga? A gidan ƙanena? Ke, mi kika ɗauke mu? Mu zauna tabarma ɗaya da 'yar tasha muna ambaton Annabi?"

Wata tsohuwa ta ce a hankali, "Ai an ce ta tuba."

"An ce! Ni ma an ce ina da rijiya a Makka." Wasu suka yi dariya a cikin mayafi. Yaya ta juyo kaina. "In ita ta zauna, ni na tahi. Zaɓi."

Mai ƙosai ta fara neman takalmanta da ƙafa. Gwaggo ta duƙufa tana gyara ƙoranta, don ita baƙuwa ce a gidan. Biyu daga cikin maƙwabta suka fara tattara zane, suna jiran su ga inda Yaya za ta nufa.

Ban san lokacin da na shiga ɗaki ba. Na ɗauko yarinyar yadda take, jikinta kamar garwashi, kanta ya koma baya, na fito na tsaya gaban Yaya. Ranar na fara ganin ƙwayar idonta. Na ce, "Yaya, riƙe mini ita." Hannu ba ya ƙin yaro, kafin ta yi tunani ta karɓa. Da zafin jikin ya taɓa ta sai da ta zabura.

Na ce, "To, ki tafi. Amma da ita za ki tafi. Ki kai wa ƙanenki a kasuwa, ki ce masa mun cika sha ɗaya ke kika rage mu. Ni ban iya faɗa masa ba."

"Ke! Ni kike gaya wa haka?"

"Ke nake gaya wa, Yaya. Gobe ki sa a sake ni, na yarda. Yau dai ki zauna."

 Yaya ta dubi fuskar yarinyar, wadda kowa ke cewa da ita take kama. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta koma ta zauna a hankali, ta gyara ta a cinya, ta ja ƙwaryarta kusa. Ba ta dubi kowa ba ta ce, "Rana na tahiya."

Mai ƙosai ta zauna a bakin tabarma, rabin jikinta a ƙasa. Na koma kusa da ita na zauna har gwiwarmu na haɗuwa. Gwaggo ta raba, kowa ɗari da ɗaya, ba ƙwaya ɗaya da ta rage a jaka. Wallahi da na ga jakar nan wayam sai na ji kamar an sauke mini tulu daga ka.

Aka yi bisimilla aka fara. Ba ka jin komai sai gunji ƙasa-ƙasa kamar na zuma, da ƙarar 'ya'yan tsamiya suna faɗawa ƙwarya, ƙwas, ƙwas. Wata tsohuwa mai sauri ce, har ta juye zagayen farko ni ban kai rabi ba. Wata tana gyangyaɗi, Gwaggo ta zungure ta da yatsan ƙafa. Ni kuwa tsoro ya hana ni sakewa: kowace ƙwaya sai na matse ta har na gama salatin kafin in sake ta, kada in jefa biyu a haɗe. Yaya tana karatu da hannu ɗaya, ɗayan yana tallafe da wuyan yarinyar, ƙafarta ta mutu amma ba ta motsa ba. Inuwa ta miƙe har ta hau katanga. Ni ce ta ƙarshen gamawa, duk suka zauna suna jirana ba mai tari. Ƙwayata ta ƙarshe ta faɗa, Gwaggo ta ɗaga hannu ta yi addu'a, ba a jima ba ladan ya kira.

Gwaggo ta bi ƙoran ɗaya bayan ɗaya ta juye su cikin jaka ta ɗaure. Na ɗebo ruwa a moɗa na fara miƙa wa mai ƙosai kafin kowa. Ta sha, ta ce wakenta na jira, Allah ya ba da lafiya, ta fita.

Ba abin da ya faru a ranar. Mai allura ya zo kamar kullum ya yi tasa. Washegari ma haka. Sai bayan 'yan kwanaki zazzaɓin ya fara sauka, wuyan ya saki, wata safiya ta miƙa hannu ta kama kofin da kanta. Ni ban ce ƙidaya ce ta tashe ta ba, ban ce allura ce ba. Allah ne ya tashe ta, ni dai ban bar ko ɗaya daga cikin biyun ba.

Tana fara zama na lura. Faranti ya suɓuce mini a bayanta ya yi ƙara har kaji suka watse, ba ta waiwaya ba. Na kira ta, na tafa, na buga murfin tukunya. Tana ta wasa da zaren tabarma. A asibiti suka ce sanƙarau na yin haka, kunnen ya tafi, ba ya dawowa.

Kafin mako ya zagayo magana ta gama unguwa: rabon matar nan ne ba a karɓa ba, shi ya sa lafiyar ta zo da giɓi. Ɗaya daga cikin tsofaffin da suka zauna ranar ce ta kawo mini ita har gida, da sunan barka da arziki. Ta ce, "Da kin yi haƙuri an samo mutuniyar kirki, da yanzu tana jin ki."

Na ce, "Inna, ashe an raba? To tunda kin san wadda ta karanta rabon kunne, nuna mini wadda ta karanta rabon numfashi in je in gode mata ita kaɗai. Ko ke ce, da kike gyangyaɗi?"

Ta tashi ta fita tana salati, ta ce ba ta ƙara taka gidan. Ta kuwa cika alkawari, ban kuma aika a ba ta haƙuri ba. Yaya tana tsakar gida ta ji komai. Ba ta goya mini baya ba, ba ta kuma tsawata mini ba, ta ci gaba da tsefe wa yarinyar kai.

Abin da ya rage mini shi ne yadda zan kira ɗiyata. Na yi kwanaki ina zagayowa ta gabanta kamar baƙuwa, in na taɓa ta ta baya sai ta firgita ta fashe da kuka. Wata rana tana zaune a daɓen ɗaki ta ba ni baya, tana jan wuƙar da na manta a ƙasa. Na yi ihu, na manta ba amfani. Don haushi da tsoro na buga ƙafata a daɓe da ƙarfi. Sai ta saki wuƙar ta waiwayo, ashe girgizar daɓen ta ji a jikinta. Na sake bugawa. Ta dubi ƙafata, ta dubi fuskata, ta ɗaga tata 'yar ƙafar ta buga, ta bushe da dariya.